Juma'a Bakwai da Katin Baba

Ni na koya wa ƙanwata cirar kuɗi da katin Baba. Tana da shekara goma sha biyar a lokacin, ni kuma ashirin, na gama sakandare ina zaune a gida. Mu biyu kaɗai Allah ya ba iyayenmu, duk mata, shi ya sa kowa a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi Auta yake ce mata, ita kuma ta ce mini Yaya. Abin bai cika shekara da faruwa ba.

Baba akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati. Bayan sojoji sun koma bariki da 'yan shekaru aka daina biyansu albashi a hannu, aka ce kowa ya buɗe asusu, daga baya banki ya ba su kati. Ranar da ya kawo nasa gida a kan tabarma ya ajiye shi, muka yi ta juya shi muna karanta sunansa da aka buga a jiki. Ya ce sai da ya tsare ma'aikacin bankin da tambaya, domin ya ji an ce a ƙasashen waje akwai katin da mutum yake cin bashi da shi, a ɗora masa kuɗin ruwa, shi kuwa ba ya son wannan. Aka ce masa nasa ba irinsa ba ne, abin da ka ajiye kawai zai ba ka.

"Ba bashi a cikinsa," in ji Baba. "Shi ya sa na karɓa."

Duk da haka bai taɓa amfani da shi ba. Ya fi yarda da littafin cak ɗinsa da sa hannunsa, katin kuwa yana cikin aljihun jakarsa tare da ambulan ɗin lambar sirri da ko buɗewa bai yi ba.

Ciwon ƙoda ne ya fito da katin. Da aka kwantar da Baba a asibitin koyarwa hannunsa ya fara rawa, har aka dawo mana da cak sau biyu aka ce sa hannun bai yi daidai da na da ba. Magani kuwa ba ya jira. Sai ya ce in ɗauko katin. Na je banki aka nuna mini yadda ake yi, na yi sau uku ko huɗu, amma jinya ta fi ƙarfin Umma ita kaɗai, ni ce mai riƙe kwano da bin ma'aikatan jinya da takardu. Makarantar Auta a Tarauni take, bankin kuma a kan hanyarta ta dawowa. Baba ya ce, "Koya wa 'yar uwarki. Ta fi ki sauri ma."

Wata Asabar da safe na kai ta bakin injin da ke titin gidan Zoo. Layi ya yi tsawo, rana ta fara zafi, Auta sai dariya take yi tana leƙen na gabanmu.

"Yaya, in ya haɗiye katin fa?"

"Ke zai fara haɗiyewa in ba ki nutsu ba."

"To wa yake ciki yana ƙirga kuɗin?"

"Aljani. Rufe bakinki, ana kallonmu."

Na nuna mata fuskar da ake sa katin, da yadda za ta rufe maɓallan da gefen hijabinta idan tana danna lambar. Na ce kada ta yarda kowa ya taimaka mata, ko da dattijo ne mai furfura, ko da mai kayan banki ne. Na ce ta jira 'yar takardar da injin ke turowa ta adana. Ta haddace lambar a take, muka yayyaga ambulan ɗin muka watsa a kwata. Da kuɗin suka fito a hannunta karo na farko sai ta daina dariya, ta riƙe su da hannu biyu, ta kalle ni.

A hanyarmu ta komawa na ƙara mata abin da ba a koya mini a banki ba. Kwana kaɗan kafin nan wata maƙociya ta tambayi Auta nawa asibiti ke ci a mako, ita kuma ta faɗa mata tsaf, maganar ta zagaya unguwa har ta dawo kunnen Baba a kan gadonsa, ransa ya ɓaci ƙwarai. Don haka na tsayar da ita a gindin wata bishiyar darbejiya, na riƙe kafaɗarta.

"Katin nan da abin da ke cikinsa sirrin Baba ne. Abin da ya ce ki yi shi za ki yi, har sai shi da kansa ya ce ki daina. Ba ruwan kowa. Ko Umma ce ta tambaye ki, ko ni ce, kada ki faɗa."

"Ko ke?"

"Ko ni. Rantse."

"Haba Yaya, sai na rantse?"

"Rantse, na san bakinki."

Ta ce wallahi. Na ce ta ƙara, ta ce wallahi tallahi. Na ji daɗi a raina, ina ganin na yi aikin babbar yaya.

Daga nan katin ya koma hannunta. Tana tasowa daga makaranta za ta zo ɗakin da Baba yake, ta sunkuya, ya yi mata magana a kunne, ta fita, ta dawo da kuɗin magani ko na wankin ƙoda. Ba ta taɓa ɓatar da ko naira ɗaya ba. Ni da na kafa dokar har nakan ji ɗan haushi idan na ga suna raɗa ban san me suke cewa ba.

Baba ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, aka kai shi bayan azahar. Ba zan iya rubuta wannan ranar ba.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Baffa ya kira mu. Ƙanin Baba ne, ɗan kasuwa, yana zaune a unguwar Babban Giji tare da kakarmu Hajiya. Mutum ne mai tsanani a kan abin da ya shafi haƙƙi, ba ya wasa da shi. Ya kawo akwatin ƙarfe ya ce a zuba duk abin da mamaci ya mallaka a kulle har ranar rabo, kamar yadda ake yi. Aka sa agogonsa, da tabaransa, da makullin babur, da takardun gida, da littafin cak. Har hulunansa sai da aka ƙirga. Baffa ya ɗaga littafin cak ɗin ya ce, "To, kuɗin banki ga su nan," ya jefa a ciki. Shi a saninsa in cak yana akwati, kuɗi yana akwati.

"Akwai sauran wani abu?"

Katin ya faɗo mini a rai. Na waiwaya na ga Auta a rakuɓe jikin bango, idanunta sun kumbura, kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Na ce a raina gobe na karɓa na ba shi. Na ce, "Babu, Baffa." Ya danna kwaɗo. Goben nan ba ta zo ba. Gida cike da baƙi, Umma ta shiga takaba, ni ce kicin ni ce kasuwa, maganar kati ta fita daga kaina ɗungurungum.

Sai da aka yi sadakar arba'in da 'yan kwanaki Baffa ya gama bin kotu aka ba shi takardar da banki ya rubuto abin da ke cikin asusun. Ya ce a taru ranar Asabar bayan la'asar a lissafa abin da aka bari kafin a koma wajen alƙali. Muka zauna a falo: shi, da Hajiya, da limamin masallacin unguwarmu wanda ya san ilimin gado, da ni da Auta. Umma tana ɗakinta, labule a sake, tana jin mu.

Tun daga yadda Baffa ya amsa gaisuwata na san akwai magana. Ya shimfiɗa takardar a kan darduma ya ɗora yatsa.

"Malam, duba nan. Yayana ya rasu ranar Laraba. Ranar Juma'a an ciri dubu biyu. Juma'ar da ta biyo, dubu biyu. Haka har Juma'a bakwai. Cak yana akwatina, makulli yana aljihuna. Mamaci ne yake tasowa yana zuwa banki?"

Liman ya ce, "Subhanallahi."

"Na tambaya an ce da kati aka cira. Ni ban san da wani kati ba. Na tambaya a ɗakin nan ko akwai sauran wani abu, aka ce mini babu." Ya juyo gare ni. "Ke na tambaya. Ke kuma aka ce mini kin je banki an koya miki."

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne kalmar da zai faɗa, da yadda za ta isa Babban Giji kafin magariba, ta isa gidan kowane dangi: 'yar da ta ci gadon ubanta tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

"Wallahi ba ni ba ce, Baffa. Katin yana hannun Auta."

Na nuna ta da hannu. Wannan hannun nawa na dama, har yanzu ina ganinsa a miƙe.

Kowa ya juya. Auta ta kalle ni, ba ta kalli Baffa ba. Ya tambaye ta ko ita ta cira, ta ce e. Ya ce ina kuɗin, ta yi shiru. Ya ce me ta saya, shiru. Ya ce wa take kai wa, ko wani ne ya yaudare ta a hanya. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hijabinta.

Hajiya ta ce, "Ke 'yar nema, bakin naki da ba ya rufuwa yau waye ya ɗinke shi? Yi magana mana."

Baffa ya ce, "Hajiya, bar ta. Yarinyar da za ta sa hannu a dukiyar mamaci sau bakwai ta dawo gida ta zauna cikin masu makoki, ai ɓarauniya ce, ba wani suna."

Daga bayan labule muka ji Umma ta ce, "Innalillahi."

Liman ya ɗaga hannu ya ce a yi haƙuri. Ya matso kaɗan, ya yi magana a hankali kamar yadda yake yi wa 'yan Islamiyya. "'Yata, ba wanda zai taɓa ki. Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Na rantse, Malam."

"Wa ya sa ki?"

Ta sake kallona. "Yaya, ke kika ce ko ke ce kika tambaya kada in faɗa. Kika ce sai Baba ya ce in daina. Bai ce in daina ba."

A nan na tuna gindin darbejiyar. Na ce, "Ni ce, Malam. Ni na sa ta rantse. Ni kuma na tuna da katin ranar sadakar uku ban faɗa ba." Liman ya ce mata rantsuwar da za ta danne haƙƙin wasu ba a riƙe ta, ta faɗi gaskiya, ya nuna mata yadda za ta yi kaffara.

Ta tashi ta ɗauko jakar makarantarta, ta fito da gwangwanin kayan lissafi. Katin yana ciki, da 'yan takardun injin a ninke, kowace Juma'a da tata, kamar yadda na koya mata. Rubutun na farkon ya koɗe sun zama farare, na ƙarshen biyu ne kawai ake iya karantawa. Ta ce akwai wani tsoho a Darmanawa, makaho, da matarsa. Tun Baba yana asibiti ya ce mata duk Juma'a idan an tashe su da wuri ta ciri dubu biyu ta kai musu, kada kowa ya sani. Ta ce da can shi yake kaiwa da kansa bayan an sauko daga masallaci.

Baffa ya ce bai san wani tsoho ba, kuma shi ba a ba shi labari, sai ya gani da idonsa.

Washegari da safe muka tafi a motarsa, yana gaba, mu biyu a baya. Auta ce take cewa a yi dama, a yi hagu. Muka bar motar a bakin wani lungu muka taka. Gidan ƙasa ne, ɗaki biyu. Tsohon yana zaune a soro a kan buzu, carbi a hannunsa. Auta ta yi sallama, fuskarsa ta washe.

"A'a, 'yar Malam! Yau ai ba Juma'a ba ce. Lafiya? Ya jikin nasa? Kin gaya masa na ce ya daina lalaci ya tashi?"

Baffa ya tsaya cak. Ya kalli Auta, ta kawar da kai. Daga baya ta gaya mini duk zuwan da ta yi sai ta shirya faɗa masa, idan ya fara yi wa Baba addu'ar samun sauƙi sai bakinta ya kasa, ta ce amin ta fito.

Baffa ya cire takalmi ya zauna a ƙasa kusa da buzun. Ya gabatar da kansa, ya tambayi tsohon yadda suka san juna da yayansa. Tsohon ya ce shi masinja ne a ofishinsu, shekara da shekaru yana ɗaukar masa fayil, aka sallame su lokacin rage ma'aikata a zamanin soja, daga baya ido ya tafi. Ya ce tun daga lokacin Malam bai taɓa tsallake Juma'a ba, kuma ya hana shi gaya wa kowa. Sai Baffa ya riƙe hannunsa ya faɗa masa rasuwar.

Tsohon ya daɗe yana salati. Matarsa ta fito daga ciki tana kuka. Can ya tambayi yaushe, Baffa ya ce yau wata ɗaya da rabi. Na ga yatsun tsohon suna motsi a kan carbin, yana ƙirga Juma'o'in.

"Ashe dukiyar marayu nake ci?" Ya juya wajen da yake jin numfashin Auta. "'Yar nan, me ya sa kika bar ni na ci?"

Ya ce wa matarsa ta ɗauko abin da ya rage. Ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗari biyar a nannaɗe, ya karɓa yana laluben hannun Baffa zai sa masa. Baffa ya mayar da hannunsa baya. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, ko a wajen jana'iza ban gani ba. Ya ce wa tsohon, "Baba, riƙe. Nawa kason na yafe, sauran kuma zan tambaye su."

Da yamma aka sake zama. Liman ya yi bayani a fili, don mu ji: wanda aka aika, aikensa yana ƙarewa ne da rasuwar wanda ya aike shi. Daga lokacin da ran Baba ya fita, abin da ke cikin asusun ya tashi daga nasa ya zama na magada, ko da katin yana ɗauke da sunansa, ko da injin bai sani ba. Abin da aka cira bashi ne a wuyan wadda ta cira, sai dai in masu haƙƙi sun yafe. Na tuna Baba a kan tabarma yana cewa ba bashi a cikinsa.

Hajiya ta ce ta yafe. Umma ta ce ta yafe daga bayan labule. Na ce na yafe, kunya kamar ta kashe ni, don ni ce ya kamata in nemi yafiya. Baffa ya ce a gaban kowa, "Kalmar da na faɗa jiya na janye ta. Yarinyar nan ba ta ci ko kwabo ba. Duk wanda ya ji wata magana daga bakina, ya ji wannan ma." Ya kuwa bi gidajen da ya riga ya yi maganar ya gyara, Hajiya ce ta gaya mana. A wurin zaman kuma ya sa aka kawo almakashi ya raba katin biyu, ya jefa a akwatin ƙarfe.

Sunan Auta ya wanku a dangi. Tsakanina da ita ne abin bai koma yadda yake ba. Ba ta yi mini rashin kunya, tana gaishe ni, tana ce mini Yaya, amma ta daina ba ni labarin makaranta, ta daina tsokanata. Na ba ta haƙuri sau biyu, ta ce, "Ba komai, ai tsoro kika ji." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan rabo aka buɗe mini asusu da nawa kason, aka ba ni kati da sunana. Yana cikin ambulan ɗinsa a ƙasan akwatina. Na je bakin injin sau ɗaya, layi ya zo kaina, na kasa, na ce wa na bayana ya wuce.

Hajiya ce ta ɗauki nauyin tsohon Darmanawa daga nata kason, Auta take kaiwa. Juma'ar da ta wuce na ga tana sa hijabi, na ce ko in raka ta. Ta tsaya tana gyara igiyar hijabin kamar ba ta ji ba. Har na juya zan koma kicin sai ta ce, "In za ki zo ki yi sauri, yana son a same shi kafin a tafi masallaci." Na ɗauko takalmina. Muka shiga adaidaita, da muka isa bakin lungun ta miƙo mini kuɗin ta ce ni zan ba shi.